Warin da kare ba ya so, da amfaninsa wurin tsaron bisashe

Jawabin da wani malamin kiwo ya yi gaban makiyaya, mahauta da mata masu kiwon gida. Mun buga shi yadda anka faɗe shi, don wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai samu zuwa ba.

   

Maganar da ta tara mu yau, ku kunka kawo ta. Duk inda munka je yin lamba, ko duban nama a mahauta, sai wani ya jawo mu gefe ya ce: malam, ba ku da wani magani na karnuka? Wannan ta ce an ɗauke mata ɗan akuya daren da anka haife shi. Wancan ya ce ya shanya fata huɗu, da safe ya tarar da biyu da rabi. Mai kilishi na kuka, mai cuku na kuka, mai kaji kuwa ba a magana. Kuma in mutum ya ce mana magani, mun san abin da ke ransa, guba yake so. To guba ba mu da ita, ba mu bada ta, kuma zan gaya muku dalili kafin mu tashi. Abin da na zo da shi yau abu ne mai sauƙi, wanda ke cikin garka da kasuwa da madafa: warin da kare ba ya so. Zan faɗa muku inda yake aiki, in kuma faɗa muku inda ba ya aiki, don kada gobe wani ya ce malamin kiwo ya ruɗe shi.

Mu fara da hancin kare, don shi ne tushen maganar. Mu mutane da ido muke tafiya, shi kare da hanci yake tafiya. Masana sun ƙirga ƴan ƙananan jijiyoyin da ke kama wari cikin hanci. Na mutum kamar miliyan 6 ne. Na kare sun wuce miliyan 100, wasu irin karnukan farauta ma har kusan miliyan 300. In yana sansana abu yakan ja iska kamar sau 5 cikin daƙiƙa guda, kuma kowace ƙofar hanci aikinta take daban, shi ya sa yake gane ta wane gefe warin ya fito. Akuyarki ta haihu da tsakar dare, ke ba ki ji warin kome ba, amma karen da ke kwance can bakin kasuwa ya samu labari. Wannan hancin shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma inda za mu kama shi. Abin da ke ɗan yi mana ɗaci a hanci, shi gare shi kamar hayaƙin ɗanyen icce ne cikin ɗaki rufe.

Wani zai ce, to don ɗan akuya guda za a tara mutane? A'a. Asarar da kuke gani da ido ita ce ƙarama. Babbar tana cikin abin da kare ke ci da abin da yake zubarwa, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku, mahauta musamman.

Kun san ƙululun ruwa da kuke tararwa a huhu ko hantar tunkiya, saniya ko raƙumi. Kun san jakar ruwan nan mai reto a kitsen ciki. Me akan yi da su? A yanke a jefa ma kare da ke tsaye yana kaɗa wutsiya. To wannan ƙululun, ɗiyan tsila ne ke ciki. In kare ya haɗiye, cikin kamar sati 6 zuwa 8 sun zama manyan tsutsotsi a hanjinsa, suna zuba ƙwai da ido ba ya gani. Kare ya yi kashi bisa harawa, ko bakin rijiya, ko inda tumaki ke kiwo. Tunkiya ta ci, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya bi jini ya zauna a hanta ko huhu, ya zama sabon ƙululu. An yanka ta, an sake jefa ma kare. Kun ga zagayen ke nan, kuma da hannunmu muke juya shi. Akwai wata irin tsilar da ɗiyanta ke zama cikin ƙwaƙwalwa. Ita ce ke sa ku ga rago ya karkata kai, yana kewaya wuri guda kamar mai neman abin da ya ɓace masa, ya daina ci, ya rame. Mai shi ya yanka, ya jefar da kan, kare ya fasa ya ci ƙwaƙwalwar, magana ta koma farko.

Mutum ma bai tsira ba. Ba ta cin nama yake ɗauka ba, ta kashin kare ne. Yaro ya yi wasa da kare, ƙwan na manne ga gashinsa, ya sa hannu a baki. Ƙululun ya yi shekaru yana girma cikin hanta ko huhu ba a sani ba, ranar da ya bayyana sau da yawa sai an yi aiki a babbar likita. Ga kuma mabiyiya da ɗan ɓari. In saniya ta yi ɓari saboda ciwon bakkale, kare ya ja mabiyiyar ya ratsa garke uku da ita, ya raba ma kowa cuta. Akwai ma wata ƙwayar cuta da anka ba suna a 1988, Neospora, wadda ke bi daga mabiyiya zuwa kare, daga kashin kare zuwa abincin shanu, ta sa shanu ɓari. Saboda haka in mun ce a nisanta kare da turke, da rumbun harawa, da wurin shan ruwa, da mahauta, ba ƙiyayya ba ce. Lafiyar garke ce da ta ɗiyanmu.

To yanzu warin. Abu uku zan ba ku waɗanda ba su kashe kowa.

Na farko lemun tsami, da ɗan uwansa lemun zaƙi. Ba ruwan ba ne ya fi aiki, ɓawon ne. In kun matsa ɓawon lemu kusa da ido kun san abin da ke fita, wani mai ne mai yaji. Yawancin karnuka in sunka sansana shi sai su yi atishawa su ja baya. Ku yayyanka ɓawon ɗanye ƙanana, ku ɗan daddaka shi, ku zuba a gindin danga, a ƙofar akurki, a inda kunka ga sawun kare ya saba bi. In kuna so ya yi nisa, ku jiƙa ɓawon lemu goma cikin litir guda na ruwan zafi, ya kwana, da safe ku tace ku yayyafa. Ɓawon da ya bushe ƙarau ba shi da sauran aiki. Wannan dabara ta masu garka ce da na kusa da kasuwa, inda mai saida lemu zai ba ku ɓawo kyauta har ya yi muku godiya. Aibinta guda: awaki na cin ɓawon lemu. In kun zuba ta cikin turke, kun ba akuya kalaci ne. Ta waje ake zubawa.

Na biyu binegar, wanda ake sa ma salati. Ku gauraya shi rabi da rabi da ruwa. Kada ku zuba a ƙasa, rairayi zai shanye, rana ta kwashe sauran. Ku samu gwangwanin tumatir, ku cusa tsumma ciki, ku jiƙa tsumman, ku rataye ko ku ajiye daidai tsayin hancin kare, wato kamar tsayin gwiwar mutum. Taki uku ko huɗu tsakanin gwangwani da gwangwani ya isa a gefen da karnuka ke shigowa. Binegar yana da wani amfani kuma. Kare in ya yi fitsari a gindin bango ko turke, wasiƙa ce ya bar ma ƴan uwansa, duk wanda ya zo sai ya karanta ya ƙara tasa. Ku wanke wurin da ruwan sabulu, ku bi da binegar, wasiƙar ta goge. Amma ku kiyaye shi da shuka, yana ƙone ganyen ɗanyen tsiro. Kuma, ina roƙonku, kada a haɗa binegar da ruwan jabel wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin nan yana tada iska mai guba, mai shaƙe mutum cikin ɗaki.

Na uku tonka, kuma ita ce ta fi su daɗewa. Gaskiyar magana tonka ba wari take yi ma kare ba, zafi ne. Abin da ke cikinta mai yaji yana taɓa fatar cikin hanci da ido, kare ya ji kamar wuta. Yajin nan ba ya gudu da rana kamar binegar. Ku daka busasshiyar tonka cike da tafin hannu, ku zuba cikin litir guda na ruwa, ku kankare ɗan sabulu ciki don yajin ya fita ya kuma manne, ku bari ya kwana, ku tace da tsumma. Da ruwan ake jiƙa igiya ko tsummoki a ɗaure ga danga ta waje, ko a shafa ga ƙafafun gadon shanya. Manoma a Zambiya da Tanzaniya da irin wannan dabara suke korar giwa daga gona, da igiyar da anka shafe da yaji. Abin da ya juya giwa, kare ba zai raina shi ba. Wani abin daɗi kuma, kaji da zabi ba su jin zafin tonka ko kaɗan, Allah bai yi su da jijiyar jinsa ba. Saboda haka kewayen akurki ita ce ta dace. Awaki da tumaki da jakuna kuwa suna ji kamar yadda muke ji.

Sai dai tonka tana da sharaɗi. Kada a barbaɗa garinta busasshe a fili. Iska za ta ɗauka ta kai idon yaron da ke rarrafe, ko idon ɗan rago, ko naku. Kada a watsa ma kare ita a fuska, wannan zalunci ne, kuma karen da ido ya rufe masa don zafi shi ne mai cizo. Wanda ya haɗa ruwan ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido, kafin ya ɗauki jariri, kafin ya kama nonon saniya. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta gama jiƙa tsummoki ta wuce tatsa kai tsaye. Saniyar da ba ta taɓa harbi ba ta watsar da ƙwaryar, kwana biyu ba ta yarda an taɓa ta ba.

Da marece ake sa waɗannan abubuwa, gab da magariba, don da dare karnuka ke yawo, kuma sanyin dare na riƙe wari. Abin da kunka sa da hantsi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kafin la'asar ya tafi. Lemu da binegar kowane marece ake sabuntawa. Tonka takan yi ƴan kwanaki, in ba a yi ruwa ba. Da damina kuwa, duk ruwan da ya sauka ya wanke aikinku, sai a sake.

Yanzu ga inda nake so iyayenmu mata su saurara da kyau. Na ji ana cewa a shafa ma ɗan akuya sabon haihuwa lemu, ko kananzir, ko turare, wai don kare ya ƙyale shi. Kada ku yi. Akuya da tunkiya da hanci suke gane ɗansu. Cikin awowin farko bayan haihuwa, lokacin da uwa ke lasar ɗanta, a nan take riƙe warinsa. In kunka ɓata warin nan da wani abu, tana iya tunkuɗe shi ta hana shi nono, kuma ɗan da bai sha dakashi ba a ranar farko, da wuya ya yi ƙwari. Kun tsare shi daga kare kun ba yunwa. Jar akuyarmu ta Maraɗi mai yawan tagwaye ce, uwa mai ɗiya biyu kuwa ba ta rasa dalilin ƙin ɗaya, kada ku ƙara mata. Wari a jikin danga ake sa shi, ba a jikin bisa ba. Haka nan ba a sa shi bisa nama, ko cuku, ko fata. Madara da cuku suna ɗaukar wari da sauri, wanda ya ajiye girezil kusa da ƙwaryar nono ya san haka.

Tun da na ambaci girezil, bari in gama da shi. Yana da amfani wurin wanke daɓen mahauta ko wurin da bisa ta haihu, yana kashe ƙwayoyin cuta, warinsa kuma na rufe ƙarnin jini. A surka shi da ruwa yadda anka rubuta a jikin gwangwanin, a bari wurin ya bushe kafin bisashe su koma. Guba ne ga wanda ya lasa, kyanwa ma ta fi kowa saurin mutuwa da shi. Kada ya kusanci kwamin shan ruwa.

Akwai waɗanda ban yarda a yi aiki da su ba sam, ko da kun ji ana yabonsu. Ƙwallon kafur da ake sa ma tufafi cikin akwati, fari ne kamar alewa, yaro na gani zai kai baki, kuma yana lalata jini. Garin taba da ruwan taba guba ne ga kare da ɗan akuya da yaro. Baƙin man mota, maruƙa na lasarsa su kamu. Maganin ƙwarin auduga ko na wake, wannan ba a ma kawo shi cikin zance. Albasa da tafarnuwa, wasu na cewa kare ba ya son warinsu. Wani karen bai damu ba, ci zai yi, kuma in ya ci da yawa suna fasa masa ƙwayoyin jini. Shanu ma haka. Mutanen Galmi da duk masu noman albasa, ku lura da wannan in kuna zuba ma shanu ragowar albasar da ta lalace: kaɗan-kaɗan, gauraye da wani abinci, ba tuli guda ba.

To jama'a, ga gaskiyar da mai saida magani a kasuwa ba zai gaya muku ba. Duk warin nan da na lissafa, karen da ya ƙoshi yake korewa, da mai wucewa, da mai neman wurin fitsari. Karen da ya kwana uku bai ci ba, ga ƙarnin jini na kiransa ta bayan danga, zai yi atishawa sau biyu ya tsallake. Karya mai shayarwa ta fi haka. Kuma kare na sabawa. Abin da ya kore shi ran Lahadi, ran Alhamis ya zama ƙamshin unguwa. Don haka ku riƙa sauyawa, sati guda tonka, sati guda binegar, ku kuma sauya wurin gwangwanayen. Karnuka ma ba halinsu guda ba. Na ga kare da ke wasa da lemu kamar ƙwallo.

Shi ya sa nake cewa, kafin ku nemi warin da ke kora, ku kawar da warin da ke kira. Wannan ya fi wancan sau goma, kuma ba a sayensa. Akuya ta haihu, a ɗauke mabiyiya nan take, ba da hannu tsirara ba, a sa leda ko a ɗauka da shebur. A gina rami mai zurfin mitir guda, a rufe, a danne da dutse ko ƙayar magarya. Ramin da bai wuce tsawon hannu ba, kare zai tone shi kafin asuba. Ƙasar da jini da ruwan haihuwa sunka jiƙa a kwashe ta, a zuba toka. Uwa da ɗa su kwana cikin ɗaki ko zagayen da ke da ƙofa har sati biyu. Bisar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, ana tsoron ciwon saifa ne. A kira mu, a binne ta zurfin mitir 2, don in karnuka sunka ja naman sun shuka cutar a ƙasa, kuma ƙwayar saifa na yin shekaru da yawa a ƙasa ba ta mutu ba.

Mahauta, rami mai murfi a bayan mahauta, ko tanda ta ƙonawa. Duk huhu da hantar da malami ya hana, da kan ragon da ke kewaya, can za su. Ba a ba kura ajiyar nama, haka nan ba a ba kare aikin share mahauta. Masu fata, ku daina kafe ta a ƙasa da tsinke. Ku ɗaure ta cikin katako a tsaye, a inuwa, sama da inda kare ke kai. Fatar ta fi kyau, ta fi kuɗi wurin majema, ba ƙasa ba sawun haƙori. Masu kilishi da cuku, gadon shanya ya kai ƙirjin mutum, tsumman tonka a ƙafafunsa, da yaro ko tsoho zaune kusa. In karyar gidanku ta shiga lokacin barbara, ku san cewa sati biyu zuwa uku duk karnukan gari naku ne, ba lemun da zai hana. A tsare ta nesa da turke har ya wuce.

Wani abu kuma da za ku yi mamaki in ji shi daga bakina: babban maganin karen waje shi ne karen gida. Buzaye da Fulani sun riga mu sanin wannan, dubi yadda mutanen Azawak ke riƙon karnukansu. Karen da ya tashi cikin garke tun yana kwikwiyo, ana ba shi tuwo da ruwa, ya ɗauki wurin nasa ne. Warinsa da haushinsa sun fi gwangwani ɗari, kuma yana jin dila tun tana nesa. Amma da sharaɗi uku. A ciyar da shi, don karen da ba a ba abinci ɓarawo ne a gidan maƙwabci. Kayan ciki in za a ba shi, a yanka ƙanana a dafa su sosai, kamar rabin awa suna tafasa. A ba shi maganin tsila, wanda ake kira praziquantel, aƙalla sau 4 a shekara, a kuma binne kashin da ya yi kwana biyu bayan shan maganin. Sannan a yi masa allurar haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara.

Na yi muku alkawarin dalilin da ya sa ba mu bada guba. Naman da anka sa ma guba ba ya zaɓen mai ci. Karen makiyayi zai ci, kyanwa za ta ci, yaro na iya ɗauka. Karen ya je ya mutu a bayan gari, ungulu su sauka su ci, su mutu da yawa a wuri guda. Dattawan da ke nan, ku tuna yawan ungulun da ke bisa mahauta lokacin ƙuruciyarku, ku dubi yau. Tun 2015 an sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. A ƙasar Indiya an ga ƙarshen wannan hanya. Daga shekarun 1990 ungulunsu sunka mutu fiye da kashi 90 cikin 100, saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi ma shanu, diclofenac, wanda ke kashe ungulun da ta ci mushen. Sai a 2006 anka hana shi. Da ungulu ta tafi, mushe ya zauna a fili, karnukan da ba su da mai su sunka samu abinci sunka yawaita. Kuma ko an kashe karnukan gari yau, muddin juji da mahauta na nan a buɗe, cikin ƴan watanni wasu sun maye gurbinsu, baƙi waɗanda ba a san lafiyarsu ba.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi. Akwai karen da ba lemu, ba tonka, ba binegar da ke tsaida shi: mahaukacin kare. Shi ciwon ya riga ya kama ƙwaƙwalwarsa, ba ya jin tsoro, ba ya jin zafi. Alamunsa, kare ya sauya hali, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya yi faɗa, yana cizon icce da dutse, muryarsa ta sauya, yawu na zuba, ko muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada wanda ya sa hannu a bakinsa wai zai ciro ƙashi. Saniya ko jakin da irin wannan kare ya ciza su ma suna kamuwa, saniyar ta yi ta kuka ba dalili, tana yunƙuri, yawu na dalala. Ita ma kada a sa mata hannu a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙiyasta mutum kamar 59.000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 daga kare sunka ɗauka, kuma 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon sunka bayyana ga mutum, sai dai haƙuri. Amma kafin su bayyana akwai mafita, tun 1885 da Louis Pasteur ya fara yi ma wani yaro allurar a Faransa ya tsira.

Saboda haka in kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi gyambonsa, abu na farko ruwa da sabulu. A wanke ciwon minti 15 cur, a duba agogo, ruwa na zuba ana cuɗawa. Kuma ga inda tonkar da na yaba ɗazu ba ta da wuri: kada a cusa tonka a ciwon, kada a sa toka, ko ƙasa, ko gashin karen. Daga nan sai likita, ranar nan, ba gobe ba, ko da ciwon ƙanƙane ne, ko da ya daina jini. Ciwon na iya kwanciya wata 2 ko 3 cikin jiki ba a ga kome ba, wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane ke cewa ai ya warke. Karen kuwa, in ana iya tsare shi ba tare da ya ciji wani ba, a ɗaure shi, a sanar da sarwisin kiwo, mu sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Amma wanda anka ciza ba ya jiran wannan, allurarsa ta fara. In an riga an kashe karen, kada a feɗe, kada a jefar a juji, a kira mu, mu muka san yadda ake ɗaukar kan a kai ɗakin bincike.

Masana sun nuna cewa in anka yi ma karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yawo. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya, amma ba sai kun jira ta ba. Mai kare ya zo ya same mu a sarwis, ya zo da shi a ɗaure, da babban mutum riƙe da igiyar, ba yaro ba. Mai gari da sarkin fawa, in kun tsaida rana kun tara masu karnuka wuri guda, ku aiko mana, mu za mu zo.

Na ga hannu biyu a sama can baya wurin mata. Bismilla, inna, ke za ki fara.